Daga Awon Taki Zuwa Asusun Haɗin Gwiwa: Inda Kuɗin Ƙauyukan Arewacin Kano Ke Tsayawa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta da damina, ko ya ratsa Dawanau ya nufi Bichi, zai ga gona jingine da gona, ba saura ba daji. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaye a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 na ƙasar da ke kewaye da birni ana noma ta duk shekara, ba a barin ta ta huta. Jakuna su kai itace birni, su dawo da shara da kashin dabbobi a mangala don a zuba wa gona. Ƙasa mai jama'a haka, wadda kowa ya san iyakar gonarsa, ita mai karɓar haraji ke so. Shi ya sa tarihin kuɗin hukuma a Kano ya fara daga waɗannan gonaki.

Kafin zuwan Turawa akwai kuɗin ƙasa, da kuɗin shuka, da kuɗin rafi na masu lambu, da kuɗin karofi na marina, da zakkar hatsi, da jangali. Hakimai na zaune a birni, jakadunsu ke fita ƙauye su tattaro, kowa ya yagi rabonsa a hanya. Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka naɗa Sarki Abbas, ba su daɗe ba suka ga tsarin bai yi musu ba. Wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Cargill, aka yanka ƙasar gunduma-gunduma, aka ce hakimi ya fita ya zauna cikin talakawansa. Da sannu aka san Madaki da Dawakin Tofa, Sarkin Bai kuwa da Ɗambatta, garin da Dambazawa ke da tushe tun zamanin jihadi. A 1909, zamanin Razdan Temple, aka buɗe Baitulmalin Kano. Daga nan haraji ya daina zama abin da sarki ke rabawa yadda ya ga dama. Ya shiga littafi, sarki da hakimai da alƙalai suka koma kan albashi, gwamnatin Turawa ta ɗauki rabi, rabi ya zauna wa En'e, wato hukumar sarki. A ƙarshen shekarun 1920 aka ɗaga kason manyan En'e-En'e irin ta Kano zuwa kashi 70.

A gundumomin da ke kusa da birni ne aka shigo da awon taki. Malamin taki zai zo da littafinsa, mai unguwa a gaba, mai gona a baya yana zullumi. Malam ya taka tsawon gonar yana ƙirga sawu, ya taka faɗinta, ya duba jadawali, ya rubuta sunan mai gona da abin da za a bi shi. Idan malam ya tsawaita takunsa, gona ta ƙanƙance a littafi. Idan ya gajarta shi, ta yi girma. Ba sai an gaya wa kowa dalilin da kaza ko zabo ke bin malam gida ba. Da kaka ta yi, dagaci ya sa a yi shela, mai unguwa ya bi gida-gida, kuɗi ya hau daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa Ma'aji a birni. Ba a karɓar wuri, ba a karɓar dami, sai kuɗin Bature. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manomi ya gane cewa buhun gyaɗa shi ne hanyar samun sulallan haraji. Wanda gyaɗarsa ba ta yi ba sai ya sayar da akuya, ko ya jinginar da gona, ko ya tafi cin rani. Ko yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta kashe mutane da yawa a arewacin Kano, ba ta sa an rufe littafin ba.

To, ina kuɗin ya tafi? A nan ne, a ganina, ya kamata mai karatu ya tsaya. En'en Kano ta zama mafi arziki a Arewa. Da kuɗinta aka gina asibitin birni, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala Muhammad. Da kuɗinta, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kuma kunna lantarki a farkon shekarun 1930. Tana da 'yan doka, da gidan yari, da kotunan alƙalai, da ma'aikatar ayyuka, da maɗaba'a. Turawa na kawo baƙi su nuna musu ita a matsayin abin koyi. Amma famfon a birni yake, fitilar ma a birni. Mutumin Kunchi ko Tsanyawa da ya biya kuɗin, abin da ya iso gare shi bai wuce gidan hakimi, da ɗakin shan magani guda, da makarantar elementare a babban garin gunduma, da hanyar rani wadda shi ma aka fito da shi ya share ta ba. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Wannan ƙorafi ne jam'iyyar NEPU ta ɗauka tun kafuwarta a 1950. Malam Aminu Kano da mutanensa sun san cewa ba sai sun yi wa manomi dogon bayani kan mulkin mallaka ba. Ya ishe su su ambaci haraji da jangali da aikin tilas. Ita kanta En'en, duk da girmanta, ta faɗa matsalar kuɗi. A 1962 gwamnatin Sardauna ta naɗa D. J. M. Muffett ya binciki asusunta, kuma a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya tafi Azare. Masana na ta muhawara kan ko kuɗi ne asalin rikicin ko siyasa. Ko ma wanne ne, littafin Baitulmali aka buɗe.

Sojoji suka zo suka rage wa En'e ƙarfi. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Gwamna Audu Bako ya juya akalar gwamnatin jiha zuwa karkara, madatsun ruwa irin su Tomas da Watari da Jakara suka biyo bayan shirinsa, amma waɗannan ayyukan jiha ne, da kuɗin mai. Sai gyaran 1976, wanda ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa. Tsohuwar Jihar Kano, har da Jigawa ta yau, ta samu 20, cikinsu akwai Ɗambatta da Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa. A shekarar ce kuma aka soma ilimin firamare kyauta, aka cika ƙauyuka da ajujuwa da sababbin malamai, aka bar tambayar wa zai biya su tana yawo tsakanin Legas da Kano da sakatariya.

Da hawan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi a Oktoban 1979 ya soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Cika alkawarin shekara talatin ne, kuma duk wanda ya san wulaƙancin da aka yi wa iyayenmu da sunan haraji ba zai yi kukan tafiyarsa ba. Sai dai wani abu ya tafi tare da shi wanda ba a cika magana a kai ba. Hukumar da ke rayuwa da harajin manomi dole ta san shi: sunansa, gonarsa, shekarar da fari ya taɓa shi. Dole ta tsaya a ƙofar gidansa sau ɗaya a shekara, ko da da bulala ne, shi ma ya samu bakin cewa kuɗina. Daga 1979 ƙaramar hukuma ta juya wa gona baya ta fuskanci sama, tana jiran kaso.

Kason ya yi ta ƙaruwa a takarda. A farkon shekarun 1980 kashi 10 ne na asusun tarayya, Babangida ya kai shi 15, sannan 20, yau kuma yana kashi 20.60. Amma masu rabawa ma sun ƙaru. Jigawa ta fita a 1991, Kano ta kai ƙananan hukumomi 44 a 1996, cikin 774 na ƙasa. Makoɗa da Kunchi da Tofa da Rimin Gado da sauransu suka samu sakatariyarsu. Kowace sabuwa da ciyaman, da mataimaki, da kansiloli, da daraktoci, da motoci, kafin a zo maganar rijiya. A 1991 aka ɗora musu albashin malaman firamare gaba ɗaya, malamai suka yi ta yin watanni ba albashi, sai aka koma cire kuɗin tun daga tushe. Daga nan wasu hukumomi a ƙasar suka fara zuwa rabo su dawo hannu rabbana.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 162, ya ce kuɗin ƙananan hukumomi ya sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha. Ga yadda wata ke ƙarewa. Kuɗi ya taso daga Abuja ya sauka Kano. A cire albashin malamai, a cire na ma'aikatan lafiya matakin farko, a cire fansho, a cire kason masarauta, a cire na horar da ma'aikata, a cire na ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage shi ke isa Minjibir ko Gabasawa, kuma ko shi, aiki mai ɗan girma sai an rubuta wa Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi an jira amincewa. Aikin titin kilomita biyar-biyar da gwamnatin Kwankwaso ta biyu ta ƙaddamar a hukumomin 44 misali ne mai kyau. Ba laifi ba ne a shimfiɗa kwalta a babban gari, amma a Kano aka yanke shawarar, da kuɗin hukumomin, kuma da yawa sun yi shekaru ba a gama ba. Da an tambayi mutumin ƙauye, wataƙila kwalbatin da ke raba shi da kasuwa duk Agusta zai ambata, ko taki kafin ruwa ya sauka.

Kuɗin shiga na cikin gida kuwa, je ka kasuwa ranar cinta ka gani. Ma'aikacin rebenu na tsaye a bakin kara da ɗan littafin tikiti, yana yagar wa mai akuya da mai buhun gero. Can a tasha wani na karɓa, a rumfuna wani. Da la'asar a haɗa, kuma abin da zai shiga asusu ba zai biya albashin sashe guda ba. Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda tireloli ke lodi daga cikinta zuwa Nijar da kudancin ƙasa da tashar jiragen ruwa, a cikin Dawakin Tofa take, amma ba wanda zai kalli ƙauyukan Dawakin Tofa ya yi zaton haka.

An yi yunƙurin gyara. A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan kuɗi, NFIU, ta fitar da ƙa'idar hana gwamnoni taɓa kuɗin, gwamnoni suka tafi kotu. Ranar 11 ga Yuli 2024, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce a biya ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu kaɗai, ban da kantomomin riƙo. Kano ta yi zaɓe a Oktoban 2024, jam'iyyar NNPP mai mulki a lokacin ta lashe duk 44, kamar yadda APC ta lashe duka a zaɓen da ya gabace shi. Ciyaman ɗin da gidan gwamnati ya tsayar, da wane baki zai ce kada a taɓa asusunsa? Shekara ta zagayo bayan hukuncin, a yawancin jihohi kuɗin na bin tsohuwar hanya. Cire tallafin mai a 2023 ya kumbura kason a lissafin naira, amma sabon mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da Kano ta amince da shi, da tsadar siminti da dizal, suna jiran sa a bakin ƙofa.

A ƙauyukan da ke tsakanin Ɗambatta da Kunchi, idan famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, ba kasafai ake tunanin sakatariya ba. Ƙungiyar ci gaban gari ce ke zama bayan sallar Juma'a, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo, a buga wa 'yan garin da ke kasuwar Kwari ko Legas waya, a kira makaniki daga birni. Idan rufin aji ne iska ta yaye, a tura wakilai gidan ɗan majalisar tarayya, su yini a ƙofar gida suna jiran fitowarsa.