Ganuwar Kano tana ƙarewa muna kallo

A hutun Sallar nan na ajiye mota, ni da ɗana muka taka da ƙafa daga Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Ƙofar Kabuga. Jama'a, abin da na gani ya tayar min da hankali.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar nan, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ko Turawa a 1903 sai da suka sa igwa kafin suka shiga birni.

Yau kuwa nan shago, can juji, can an haƙe ƙasar. Yaron ya ce, "Baba, wai ina ganuwar?" Wallahi na rasa amsa. Don Allah hukuma ta ceci ragowar.