Sana'ar Kallon Wasa Kai Tsaye a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa: Nazarin Jari da Lokaci

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda sha'awar kokawa da ƙwallon ƙafa ke zama hanyar neman abinci a birnin Maraɗi da kewayensa. Hujjarta ita ce, yawan masoya wasa bai isa ya riƙe sana'ar ba. Jadawalin wasanni da wutar lantarki su ne ke raya ta ko su kashe ta.

Kokawa da iyakarta

A Nijar babu wasan da ya kai kokawa farin jini. Gasar takobin ƙasa ta fara a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi Yakuba Kantu ne ya fara ɗaukar takobin, filin kokawar birnin ma sunansa yake ɗauke da shi. Jihohi takwas ke shiga, kowace da 'yan kokawa goma. Idan gasar ta sauka a gari, makaɗa da 'yan cali-cali da masu tsire da 'yan kabu-kabu duk sai kakarsu ta yanke saƙa. Sai dai gasar zagayawa take yi jiha-jiha, kafin ta dawo Maraɗi an kwashe shekaru. Ga shi kuma Télé Sahel na nuna ta kyauta, don haka da wuya a sami mai biyan kuɗin shiga don ya kalle ta a talabijin. Ciniki ne na kwanaki, ba a gina jari a kansa.

Gidan kallo

Abin da jama'a ke biya wa kuɗi shi ne wasan da aka kulle: gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila, ta Sifen da ta zakarun Turai, waɗanda sai da kuɗin wata na Canal+ ake samu. Kayan aikin ba su da yawa: rumfar kwano, bencina, talabijin babba, injin wuta. Asabar da Lahadi kasuwa ce, haka daren Talata da Laraba, lokacin da manyan wasannin zakarun Turai ke farawa ƙarfe tara agogon Nijar, ko takwas idan Turai ta sauya agogo. Mai shayi da mai cajin waya a bakin ƙofa na cin arziƙin taron, shi ya sa mai dabara ke haɗa su cikin sana'arsa.

Matsalar tana wajen wuta. Yankin Maraɗi ya daɗe yana dogara da layin da ke zuwa daga Katsina. A 2023 abubuwa biyu suka haɗu: Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayu, man kwalba ya yi tsada, sannan ta yanke wa Nijar wuta a Agusta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kuɗin mai na tashi, amma kuɗin shiga ba ya ƙaruwa yadda aka ga dama, domin ɗan kallo na da mafita: ya koma fadarsu su taru kan waya ɗaya.

Tibiri da Jiratawa

A waɗannan garuruwa na kewayen Maraɗi, kalandar noma ke da ta cewa. Hutun ƙwallon Turai, daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta, yana faɗawa cikin damina, lokacin da samari ke gona kuma aljihu ya bushe, saboda haka asarar da sauƙi. Jiratawa, a ganinmu, ta fi Tibiri dacewa da wannan sana'a, domin noman rani a fadamarta yana sa kuɗi a hannun matasa daidai watannin da gasar ke zafi.