Sabon mai karatu a ɗakin rumbun bayanai

A da, idan ana son sanin ko littafin jagorar wani rumbun bayanai ya yi kyau, mutum ake miƙa wa ya karanta. Haka muka taso muka tarar. Tun 1971, da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta jagorar Unix a Bell Labs, tsari ya zauna: sunan umarni, yadda ake rubuta shi, aikin da yake yi, sai matsalolin da aka sani. Harshen SQL ya fito daga IBM a shekarun 1970, Oracle ya fara sayar da nasa a 1979, littattafai suka yi ta kauri. Ma'auninmu bai wuce a duba ko an ambaci kowane umarni ba, da ko misalan suna aiki.

Wannan ma'auni ya daɗe yana rufa mana asiri, domin ɗan Adam yana cike giɓi da kansa. In bai gane ba ya leƙa teburin abokin aiki, ko kuma, daga 2008, ya garzaya shafin Stack Overflow. Wanda ya taɓa ƙonewa ya san cewa abin da MySQL ke kira utf8 ba ya ɗaukar kowane harafi, utf8mb4 ake nema. Ya san SQLite zai karɓi rubutu a gurbin da aka ware wa lamba ba tare da ya ce uffan ba. Duk suna rubuce a jagora, amma a can ciki, inda sai mai haƙuri yake kaiwa.

Masu bincike ne suka fara tona mu. A 2018 jami'ar Yale ta fitar da Spider, jarrabawa mai tambayoyi sama da dubu 10 a kan rumbuna 200, don gwada ko na'ura za ta juya tambayar mutum zuwa SQL. Rumbunan tsaf suke, sunayen gurabe a fili, kuma cikin 'yan shekaru na'urori suka riƙa cin maki masu yawa. Jarrabawar BIRD ta zo a 2023 da bayanai masu datti irin na ofis, ta haɗa da ƙarin bayani kan ma'anar gurabe. Da aka cire ƙarin bayanin, sai maki ya zube. Spider 2.0 ta 2024 ta kai abin ga rumbunan BigQuery da Snowflake, inda dole na'ura ta karanta jagora kafin ta yi aiki, kuma mafi ƙwazo a lokacin ba ta ci kashi 25 cikin 100 ba.

A daidai wannan tsakani sana'ar ta juya. A Yunin 2023 OpenAI ta buɗe hanyar da na'ura za ta kira wata manhaja da kanta, a Nuwamban 2024 Anthropic ta fitar da MCP, ƙa'idar haɗa na'ura da kayan aiki. Sai ga wakilin ƙirƙirarriyar basira yana shiga rumbu, yana duba jadawalai, yana aika umarni. Abin da ya sani game da kowane kayan aiki shi ne 'yan layukan da wani injiniya ya rubuta, sau da yawa a gurguje. Wannan mai karatu ba ya tashi ya tambayi kowa. In an ce gurbi sunansa adadi, ba a faɗa masa ko naira ce ko kwabo ba, zai zaɓi ɗaya ya wuce, ya kawo amsa da cikakken ƙwarin gwiwa.

Yanzu haka muke aunawa: a tara ayyuka na gaske, a ba wakili jagorar, a ƙirga nawa ya kammala daidai, kira nawa ya ɓata, ko ya taɓa abin da bai kamata ba. A gyara jimla guda, a sake gwadawa. Saƙon kuskure ma ya shigo cikin lissafi, domin shi ne abin da wakili ke karantawa a lokacin da ya fi buƙatar jagora. Saƙon PostgreSQL da ke nuna sunan gurbin da wataƙila kake nufi ya fi shafi goma amfani.

Ina da ƙorafi ɗaya kan wannan sabon ma'auni. Na'urorin nan sun haɗiye jagorar PostgreSQL da MySQL tun wajen horo, don haka in wakili ya ci jarrabawa a kansu, haddarsa aka auna. Gwajin da nake yarda da shi sai an yi shi sau biyu, da jagora da kuma babu, a dubi tazarar. Ya fi kyau a yi shi a kan sabon fasali, ko a rumbun cikin gida da ba a taɓa sakawa a intanet ba. A nan ake ganin cewa umarnin COMMENT, wanda Oracle da PostgreSQL suka daɗe da tanada don bayyana ma'anar kowane gurbi, a ofisoshi da dama ba wanda ya taɓa amfani da shi.