Ma'aikatan jinya na karkara a gaɓar Tafkin Kainji: Su wane ne, me suke yi, ina iyakarsu?

A tungayen masunta da ƙauyukan manoma na ƙananan hukumomin Ngaski da Yauri da Shanga, duk namijin da ya sa farar riga ya riƙe allura "likita" ake ce masa, in mace ce kuma "nas". Sai dai a dokar Najeriya waɗannan ma'aikata rukuni-rukuni ne, kowanne da irin karatun da ya yi, da hukumar da ta ba shi lasisi, da iyakar da ba a yarda ya ƙetare ba. Sanin wannan yana da amfani ga magidancin da naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare a wani gungu, domin shi zai nuna masa abin da za a iya yi mata a asibitin mazaɓa, da lokacin da ya wajaba a kama hanyar Warra ko Yelwa.

Asalin tsarin

Taron duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ne ya kafa aƙidar kai kiwon lafiya ƙofar gidan talaka. Najeriya ta rungumi aƙidar sosai zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, inda aka ɗora kula da lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi. A 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa, NPHCDA. Manufar da ake bi yanzu ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla cibiyar lafiya ɗaya mai aiki. Jihar Kebbi tana da mazaɓu 225 a ƙananan hukumomi 21.

Rukunan ma'aikatan

Rukuni na farko su ne ma'aikatan jinya da ungozomomi, waɗanda Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ke yi wa rajista. Cikakken ma'aikacin jinya yana karatun shekara 3 ko fiye, kuma zai iya ƙarawa da kwas na lafiyar al'umma. Saboda ƙarancinsu a karkara, majalisar ta amince da gajeren kwas na jinya da ungozoma na al'umma, wanda ake ɗibar 'yan asalin yanki a horar da su domin su koma su yi wa mutanensu aiki. A Kebbi, kwalejin koyon aikin jinya tana Birnin Kebbi.

Rukuni na biyu, waɗanda su aka fi tararwa a asibitocin ƙauye, su ne malaman lafiyar al'umma. Akwai masu karatun shekara 3 da ake kira CHEW, da ƙananansu masu shekara 2 da ake kira JCHEW, sai babban jami'i a samansu da ake kira CHO. Hukumarsu daban ce, an kafa ta a 1992, kuma ana horar da su a makarantu irin kwalejin kimiyya da fasahar lafiya ta Jega. Suna aiki da wani kundin ƙa'idoji da ya fayyace cutar da za su iya dubawa, da maganin da za su bayar, da alamomin da ke tilasta musu tura marar lafiya gaba. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da manufar raba ayyuka, wadda ta ba CHEW da ya samu ƙarin horo damar karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba, da sanya wasu hanyoyin tazarar haihuwa.

Rukuni na uku 'yan sa-kai ne na unguwa, irin na shirin CHIPS da aka ƙaddamar a 2018. Aikinsu shiga gida-gida da faɗakarwa da raka mata awo. Ba ma'aikatan jinya ba ne, ba su da hurumin buɗe wurin duba marasa lafiya.

Inda suke aiki

Ƙa'idar NPHCDA ta kasa wuraren zuwa hawa uku: ɗan ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai asibitin sha-ka-tafi mai kula da rukunin ƙauyuka, sai cibiyar lafiya ta mazaɓa wadda ake son ta riƙa aiki dare da rana, da ɗakin haihuwa da wurin ajiyar alluran rigakafi. Daga nan sai babban asibiti, kamar na Warra da na Yauri, sannan Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin koyarwa na tarayya a Birnin Kebbi.

Amma gini ɓangare ne kawai na fagen aikin. Tsarin ya tanadi cewa ƙaramin malamin lafiya ya ƙarar da mafi yawan lokacinsa a cikin jama'a: zaure da tsakar gida, makarantun boko da na allo, kasuwa, mashigar jiragen ruwa, rugagen Fulani, da ramukan haƙar zinariya da ke yankin. A wuraren haƙar akwai abin lura na musamman, ganin yadda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje.

Ayyukan yau da kullum

Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a Najeriya, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Ma'aikacin lafiya yana gwajin jini na nan take kafin ya ba da magani, yana raba gidan sauro, kuma da damina yana jagorantar rabon maganin kariya na wata-wata ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. A watan Disambar 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a jihohin Kebbi da Bayelsa, ana yi wa yaro sau huɗu: yana wata 5, da 6, da 7, sai kuma 15.

Sai rigakafin da aka saba: na ranar haihuwa, na mako 6 da 10 da 14, na ƙyanda da shawara a wata 9. Sai awon ciki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi aƙalla sau 8, inda ake auna hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini da na kariyar zazzaɓi. Ana auna dantsen yaro da ɗan tef mai launi. In bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ta yi tsanani. Akwai kuma aikin da jama'a ba su cika gani ba: rubuta rajista da kai rahoton cuta mai yaɗuwa ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma. Yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya, ko gidan da mutum uku suka kwanta da amai da gudawa, ta hannun malamin ƙauye labarinsu kan fara isa hukuma. A 2021 an samu rahoton mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu.

Yadda ruwa ya tsara aikin

Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi mutum sama da 40,000 daga matsugunansu, ta kuma bar Gungawa da Kambari da Lopawa da Sarkawa warwatse a gaɓa da tsibirai. Wannan ya zo da cututtukansa. Tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini, tana kama yaran da ke wanka da su a ruwan da dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar ke rayuwa, kuma ma'aikatan lafiya da malaman makaranta ne ke raba maganinta.

Ruwan ya kuma sa kai aiki ya yi tsada. Yawancin alluran rigakafi suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, don haka sai an ɗauke su cikin akwatin ƙanƙara a kwalekwale, a yi aikin, a dawo kafin sanyin ya gushe. Masunta kuma suna bin kifi daga tunga zuwa tunga, sai yaro ya karɓi allurar farko a nan, lokacin ta biyu ya yi iyayensa suna wata gaɓar. Hanyar kanta tana da haɗari: a ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra ɗauke da fasinjoji sama da 150 ya tarwatse, kaɗan ne suka tsira. A tudu ma akwai fargaba, musamman tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yunin 2021.

Iyakar hurumi

Babu wani daga cikin waɗannan ma'aikata da doka ta ba ikon yin tiyata, kuma ƙaramin asibiti ba wurin ƙarin jini ba ne. Idan mai ciki ta fara zubar jini ko jijjiga, ko naƙuda ta wuce sa'a 12, ko yaro ya kasa shan nono, ko ya suma, ko numfashinsa ya yi sama-sama, aikin ma'aikacin shi ne ya ba da taimakon farko, ya rubuta takarda, ya tura babban asibiti. Wanda ya ce a wuce gaba ya yi aikinsa yadda aka koya masa. Wanda ya riƙe irin wannan marar lafiya yana ta ɗaura ruwa shi ne abin tsoro.

Kuɗi da ƙarancin ma'aikata

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya na tushe, wanda wani kasonsa ke tafiya kai tsaye asusun bankin cibiyoyin mazaɓu da aka zaɓa, domin magani da gyare-gyare da kai aiki ƙauyuka. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda 'yan gari ne membobinsa, yana da hannu a tsara yadda za a kashe kuɗin. A ɓangaren ma'aikata kuwa, majalisar jinya ta bayyana a farkon 2024 cewa mutum 42,000 daga cikinsu sun bar ƙasar cikin shekara uku. Duk giɓin da aka bari a birni, daga karkara akan jawo mai cike shi.

Saboda haka mazaunin Warra ko Shanga yana da haƙƙin ya tambayi shugaban cibiyar mazaɓarsa matakin karatun mai duba shi, da ranakun rigakafi da awo, da wanda ke kwana a bakin aiki. Yana kuma da haƙƙin ya tambayi kwamitin mazaɓa nawa ya shigo asusu da abin da aka yi da shi. Gidan da ke da mai ciki kuma, tun kafin wata tara ya cika ya kamata ya san mai jirgi ko mai motar da zai buga wa waya, ya tanadi kuɗin mai, ya kuma san ɗan'uwan da zai ba da jini in an buƙata.