Shin ana iya mallakar sunan da ke siffanta kaya?

A ƙa'ida, dokokin alamar kasuwanci ba sa barin kamfani ya mallaki kalmar da ke bayyana siffar kayansa kawai, kamar ɗanɗano ko inganci ko amfaninsu.

Dalili kuwa shi ne sauran 'yan kasuwa ma suna buƙatar kalmar. Da za a bai wa mai sayar da zuma guda ikon kalmar "zaƙi", da an rufe wa abokan gasarsa baki.

Sai dai akwai kafa.

A Amurka, dokar Lanham ta 1946 ta yarda a yi wa irin wannan suna rajista, muddin aka nuna cewa da zarar masu saye sun ji shi, kamfani guda ne ke faɗo musu a rai.

Hukuma na iya karɓar shaidar amfani da sunan shekaru 5 a jere, ba tare da wasu sun yi tarayya a cikinsa sosai ba. Akan kuma duba kuɗin talla da ra'ayin masu saye.

Ainihin sunan kaya kuwa, kamar "sabulu" ga mai sayar da sabulu, ba ya samun kariya komai daɗewarsa a kasuwa.

Kan wannan iyaka ce aka fi tafka shari'a.

A 2020 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 8 a kan 1, ta goyi bayan kamfanin Booking.com, wanda hukuma ta hana rajista bisa hujjar cewa sunan na nufin kama ɗaki kawai. Kotun ta ce abin dubawa shi ne yadda masu saye suka fahimci sunan.

A Turai kuma, kotun Tarayyar ta ce a 2001 sunan Baby-Dry na ƙunzugun jarirai haɗi ne da ba a saba ji ba, don haka bai kamata a ƙi shi ba.

Amma a 2003, a shari'ar cingam ɗin Doublemint, ta tsaurara: in ma'ana ɗaya daga cikin ma'anonin suna ta siffanta kayan, ta isa a ƙi shi.

Ko bayan rajista ma, kariyar ba ta da faɗi, domin doka ta bar wa abokan gasa 'yancin amfani da kalmar wajen bayyana kayansu da kyakkyawar niyya.