Masu hoton Jamus biyu

1/ Jama'a, yau bari in ɗan ja zare kan masu ɗaukar hoto a zamanin da Jamus ke rabe gida biyu, daga 1949 zuwa 1990. Kowa ya san hoton katangar Balin. Ni dai hotunan da suka fi tsaya mini a rai su ne na mutane a bakin layi, a kasuwa, a tashar jirgin ƙasa.

2/ Barbara Klemm ta shafe shekaru sama da 30 tana yi wa jaridar Frankfurter Allgemeine aiki a Jamus ta Yamma, kuma ta sha tsallakawa Gabas da kyamararta. Hotunanta baƙi da fari ne. Idan ka jera na can da na nan, wani lokacin sai ka karanta rubutun ƙasa kafin ka gane ɓangaren. Gajiyar ma'aikaci da yamma iri ɗaya ce.

3/ Thomas Hoepker kuwa zama ya yi. Mujallar Stern ta tura shi Balin ta Gabas a tsakiyar shekarun 1970, tare da matarsa 'yar jarida Eva Windmöller. Ya ɗauki hotuna masu kala: fareti, tagogin shaguna, motar Trabant wadda sai mutum ya yi shekara goma ko fi yana jira kafin ta zo hannunsa. Mu da muka san layin mai, ai mun gane.

4/ Amma su biyun baƙi ne, in abin ya ishe su sai su koma gida. Shi ya sa labarin Harald Hauswald ya fi taɓa ni. Ɗan Gabas ne, an haife shi a 1954. Da ya koma Balin ta Gabas, aikin raba telegiram ya yi, yana zaga unguwanni da kyamara a jikinsa.

5/ Me ya ɗauka? Tsofaffi a benci, gidaje masu zubewa, matasa masu askin tawaye, 'yan kallon ƙwallo, fuskokin fasinjoji da sassafe. Babu wani sirrin soja a ciki wallahi. Amma gwamnatin da ke cewa ta gina aljannar ma'aikata ba ta son a ga ma'aikaci ya yi tagumi.

6/ 'Yan sandan ciki, wato Stasi, suka buɗe masa fayil da sunan Radfahrer, ma'ana mai keke, suna bibiyar sawunsa. A 1987 shi da marubuci Lutz Rathenow suka fitar da littafi kan Balin ta Gabas. A Yamma aka buga shi, don a gida babu hali.

7/ Katanga ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989. A 1990 Hauswald da abokan sana'arsa shida suka kafa kamfanin hotuna na Ostkreuz. Daga baya aka yi wani gajeren fim mai suna Radfahrer: hotunansa na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ana karanta rahotannin da 'yan leƙen asiri suka rubuta a kansa. In kun samu ku kalla.