Kanwar Fir'auna da Kushewar Kanta

Wanda ya tashi daga Zauro ko Ambursa ya nufi Argungu, ba zai rasa mai nuna masa Gidan Tarihi na Kanta ba. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, wadda aka bari a 1942 bayan an gina sabuwa, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. A ɗakunanta akwai masu da takubba, kwari da baka, layu da tambura. Akwai kuma abin da baƙo ba ya zaton samu a gidan kallo: a cikin gidan ake binne sarakunan Argungu. Saboda haka mai ziyara yana tafe ne tsakanin kayan da aka baje domin idonsa da masu kayan da aka ɓoye wa idonsa.

A Masar abin ya sha bamban, domin can sarkin ne da kansa ake kallo. Ranar 3 ga Afrilu, 2021, aka kwashi gawarwaki 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, daga tsohon gidan tarihin da ke Dandalin Tahrir a Alƙahira zuwa wani sabo a unguwar Fusɗaɗ, cikin jerin gwano da kaɗe-kaɗe. A cikinsu har da Ramsis na Biyu, wanda ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce, amma har yau ana ganin gashin kansa da doron hancinsa.

Sirrin wannan daɗewa ba baƙon Bahaushe ba ne, domin ɗan'uwan kanwa ne. Misirawan dauri kan haƙo wani gishiri daga Wadin Naɗrun, irin wanda fatake suka saba kawo mana daga Barno, muna zubawa a miyar kuka, muna ba dabbobi su lasa. Da shi suke tsotse ruwan jikin mamaci. Sukan zaƙulo ƙwaƙwalwa ta hanci su watsar, don ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Sai su tsaga gefen hagu na ciki su fitar da hanta da huhu da tumbi da hanji, kowanne a busar da shi a sa a tulunsa. Gangar jikin a lulluɓe ta da kanwar har kimanin kwana 40, a shafe ta da mai da ƙaro, a nannaɗe da sawayen lilin, ana cusa layu tsakanin ninki da ninki. Aikin duka yakan ci kwana 70. Herodotus, Bagirken da ya ziyarci Masar a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce farashin hawa uku ne. Ko a wurin mutuwa, ashe, kowa da daidai aljihunsa.

Zuciya kuwa sukan bar ta a mazauninta, kuma a nan ne aƙidarsu ta fito fili. A ganinsu zuciya ce ma'ajiyar hankali da ayyuka, kuma za a ɗora ta a sikeli a gaban Osiris, a auna ta da gashin tsuntsu guda, alamar gaskiya. In ta rinjayi gashin, wata dabba mai kan kada ta haɗiye ta, mai ita ya shafe har abada. Sun kuma yarda cewa kurwa na fita da rana ta komo jiki da dare. In jiki ya ruɓe, ta rasa masauki. Wato duk wannan wahala tsoro ne ya haife ta, ba son ado ba.

Mu ma ƙasarmu ta taɓa sanin binne sarki da dukiyarsa. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Katsina, akwai tuddan kaburbura da Bature Palmer ya fara tonawa a 1907, aka sake tona wasu a 1992 tare da masana daga Jamus. An samu mutane da warwaron hauren giwa da na tagulla, da 'yan kunnen zinariya, da wuri, da duwatsun wuya, da tasar ƙarfe da ta fito daga ƙasashen Gabas, tun wajejen ƙarni na 13 da na 14. Babu wanda zai sa wa mamaci irin wannan kaya sai wanda ke jin tafiya ce ya yi, kuma matafiyi na bukatar guzuri.

Zuwan Musulunci ne ya yanke wannan al'ada: wanka, likkafani fari, salla, a kai mutum makwancinsa tun rana ba ta yi nisa ba, sarki da talaka ƙyalle ɗaya. To amma labarin Muhammadu Kanta ya nuna cewa gawar sarki ba ta daina zama al'amarin siyasa ba. Kanta, wanda ya kafa daular Kabi wajen 1515 bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai, an harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina yana komowa daga yaƙin Barno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri cewa a Jirwa ya rasu, mutanensa suka ɗauko shi har Surame suka binne shi a can. A duba nisan Katsina da Surame, a tuna da zafin rana da tafiyar doki. Rundunar da ta ɗauki wannan nauyi ta san cewa barin Kanta a ƙasar abokan gaba daidai yake da barin tutar Kabi a hannunsu.

A ganina tsarin Argungu ya fi kusa da mutunta mamaci. Fir'aunan da ya tara ma'aikata domin kada ido ya gan shi, yau yana kwance cikin gilashi, ana sayen tikiti a leƙa fuskarsa. Su kansu Misirawa abin ya taɓa damunsu: Shugaba Anwar Sadat ya sa an rufe ɗakin gawarwakin, bai sake buɗuwa ba sai 1994. Sai dai adalci ne a faɗi cewa abin da suka adana ya sa likitoci na iya sanin cutar da ta dami sarkin da ya mutu kafin a san da Kano ko Katsina.

Kabawa sun danƙa Kanta ga bakin maroƙa da makaɗa, da sunan gidan tarihi, da ganuwar duwatsun Surame. Birnin ya zama kufai tun da Sarki Tomo ya koma Birnin Kabi a farkon ƙarni na 18. An ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, aka sa shi a jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO a 2007, kuma har yanzu a jerin jira yake. Kowace damina ruwa na zame wani sashe na ganuwar, saiwoyin itatuwa na tsaga wani, alhali ɗaliban Zauro da Ambursa sun fi sanin dalar Giza a littafin makaranta fiye da hanyar da za ta kai su Surame.